Yatsun Inna

Hutun damina ne, an rufe lakwal,
amma mu ashirin da uku muka koma lise,
kwana goma, kowa da sunansa rataye a wuya.
Ruwa ya kwana yana zuba,
hanyar Bagalam duk caɓi,
na iso da takalmi a hannu.

Madam Barira ta raba mana safar hannu ta roba.
Ta ce: Ba mai shiga ɗaki ya fita haka nan.
Sai ya bar wani abu nasa,
sai ya tafi da wani abu na ɗakin,
ko da zare ne, ko da ƙasar dunduniya.

Ta buɗe wani aji da aka kewaye da igiya.
Kujera a kife, kofin shayi, akwati wayam,
ga jan abu ya bushe a kan siminti.
Zuwaira ta dafe ƙirji ta ce jini!
Muka ɗiga magani, muka jira.
Ashe zoɓo ne, har da ƙamshin citta.

Sahabi bai ko durƙusa ba ya ce mai gadi ne,
ku dubi idonsa.
Madam ta ce: Zato zunubi, ko ya zama gaskiya.
Ga sawu nan bakin taga, auna mana.
Ya auna. Arba'in da huɗu.
Mai gadi kuwa ƙafarsa kamar ta yaro.
Sahabi ya yini bai ƙara tofawa ba.

Ran Laraba aka kawo garin gawayi
da buroshi mai laushin gashin ɗan tsako.
Na shafa a jikin kofin, na hura a hankali,
sai ga shi ya fito,
layi cikin layi,
kamar Gulbi inda ruwa yake murɗawa.
Na ɗauke shi da salatif, hannuna na rawa.
Na darakta ne.
Ya ɗaga hannu biyu yana dariya, ya fanshi kansa da biskit.

Da yamma na zo gida da tawada a murfin kwalba.
Na dangwala wa ƙannena, kowa da irin nasa,
na Laminu zobe, na Harira ƙugiya.
Inna na bakin kasko tana mulmula tunkuza.
Na ce kawo yatsa.
Ta ce ke da fitina,
ta goge a gefen zane, ta miƙo.

Na danna a takarda. Baƙin tabo kawai.
Na sake. Na canza yatsa. Na koma hagu.
Goma cif, sumul, ba layi ko ɗaya.

Ta ce: Haka aka yi wajen yin kati,
sau uku na'ura na ƙi na.
Ta koma kan kaskonta.

Shekara ashirin da biyu na mai mai zafi,
na turmi, na toka, na matsar gyaɗa tun asuba.
Na kwanta ina tambayar rufin kwano:
in ba a fita haka nan, to ina nata ya tafi?

Da safe na ɗauki ƙuli-ƙuli ɗaya daga tire,
na ɗora masa gilashin da Madam ta ara mini.
Ga gurbin babban yatsa a tsakiya.
Na ɗauki wani, ga shi. Wani, ga shi.
An kai su Babbar Kasuwa, an kai su tasha,
sun shiga mota zuwa Tibiri da Ɗan Isa,
an daka su a yaji, an barbaɗa wa tsire.
Maradi ta cinye zanen yatsun Inna,
kaɗan kaɗan, dala biyar biyar,
saura ya zama littattafaina.

Ranar rufewa aka ce kowa ya kawo shaida a ambulan.
Na rubuta wuri, na rubuta rana,
na rubuta sunan wadda ta ɗauka.
Mai ya huda takardar ya yi tabo.
Madam ta buɗe, ta daɗe tana dubawa, ba ta ce komai ba.
Sahabi ya matso kusa da kunnena:
In an gama bincike, ni za ki ba?