Saukar Ƙarshe a Teruel

Shekara ashirin da shida ina shafa cikinka,
ina sauraron tarinka da asuba a Madrid.
Yau na rako ka Teruel,
filin da jirage ke kwana ba tashi.

Sun toshe maka injuna da leda,
sun kankare sunan kamfani daga wutsiyarka.
Ƙarƙashin kujera ta talatin da ɗaya
na tsinci ɗan kunne, wari guda,
da guntun tikitin wata Remedios.

Sabon da ya gaje ka ba ya zuƙar mai,
ba ya gurnani.
Wai kwamfuta ce ke jin ciwonsa,
ba kunnen Anselmo ba.

Na jefa ɗan kunnen a aljihu.
Motar komawa sai ƙarfe huɗu.