Zangon Farko, Daga Kujerar Tsohon Saje

Duk daren Laraba, in masu wuta sun ga dama,
jikata Uwani kan ja mini kujera gaban akwati,
ta ce, "Kaka, ga mutanenka sun fito."
Wai mutanena.
Shekara talatin da ɗaya ina bin sawu a Sabon Gari,
ban taɓa ganin ofishi mai fanka huɗu duk suna juyi ba.

Amma ga su nan:
Sufeto Barau, da ya yi mako uku yana cigiyar tabarau
alhali yana bisa goshinsa;
Saje Ladidi, mai kwance ƙulli tun kafin a tafi talla,
ta bar maza su yi ta gumi har su iso inda take;
da Kofur Istifanus, Allah ya shirya,
wanda aka ba ajiyar kilishin shaida,
ya kai wa alƙali takardar naɗin, a lashe tas.

A kashi na huɗu aka sace zakaran matar Oga.
Suka tare Kwangila, suka birkice Tudun Wada,
suka tsare mai shayin PZ da tambaya har ruwansa ya huce.
Ashe zakara na ɗakin kayan shaida tun Litinin,
shi ke tashin mai gadi da asuba, ana sa masa albarka.
Na yi dariya har tari ya sarƙe ni,
Uwani ta ruga ta ɗebo ruwa a moɗa.

Motarsu kuwa, nan ba su yi ƙarya ba.
Tamu ma sai da turi.
Na taɓa tura ta daga Ƙofar Doka har Agoro,
ɓarawon na gefena da ankwa, yana taya ni,
yana ce wa direba, "Maigida, sa ta a giya biyu."

Kashi na tara ban so shi ba.
Sun aiki Cindo, sabon shiga, ya kai wa wata uwa labari,
ya tsaya yana in'ina, aka sako dariyar nan ta inji.
Ba a dariya a wannan zauren.
Na san zauren. Na san yadda ake cire hula,
yadda takalmi ke yi wa mutum nauyi a bakin ƙofa.
Na ce Uwani ta rage murya.

Abin da ke ɗaure mini kai, kowace ƙara tasu
rabin awa, an rufe fayil, an sha lemo.
Ni kuwa akwai guda, mai bango ruwan ƙasa:
Tanimu tela, daga Muciya,
ya fita sayen zare wata Asabar cikin marka.
Kekensa muka samu jingine a gadar Kubanni,
zaren na ɗaure a baya, bai ko jiƙe ba.
Shekara shida matarsa na zuwa duk farkon wata,
ta zauna kan benci, ba ta tambaya.
Ni kuma in buɗe fayil, in rufe,
don dai ta ga na buɗe.

A kashi na sha uku aka yi wa Ladidi canjin wurin aiki.
Barau ya miƙe zai yi jawabi,
ya laluba aljihu, ya laluba tebur,
ta miƙa hannu ta sauko masa da tabarau kan hanci,
ba ta ce uffan ba.
Sai aka ɗauke wuta.

Muka zauna cikin duhu, sauro na ɗaukar jawabinmu.
Uwani ta ce wai za a yi zango na biyu bayan sallah.
"Kaka, kai wanne ne a cikinsu?"
Na ce ni ne mai turin mota.
Ta kwashe da dariya, ta tafi neman fitila,
ta bar ni ina lissafi da yatsu:
in Tanimu na raye, bana zai cika saba'in da biyu.