Uwar Garke

Shekara bakwai tana ƙarƙashin teburin Baba,
farin akwati da ya koma ruwan ƙasa,
Iya na ɗora mata filas da kwanon goro.
Ran da filashin Zulai ya mutu da tsakar rana,
ya tafi da lissafin shago na wata tara,
bashin Malam Ilu, bashin matan Tukur-Tukur,
na durƙusa na jawo ta waje.

Noti huɗu ne. Uku sun ji magana,
na huɗun sai da wuƙar yanka albasa.
A ciki zanzaro ya yi gini ya tashi,
ɗaki uku na laka a jikin fanka,
ko haya bai biya ba.

Na shiga Sabon Gari wurin Ciroma
mai shago kamar aljihun wando.
Ya juya ƙwaƙwalwarta a tafin hannu,
ya ce irin wannan an daina haihuwarta,
sannan ya ja durowa ya fito da biyu.
Dubu huɗu. Na ce uku. Ya ce albarka.
Na kai bakin ƙofa, ya ce kawo.

Daren Laraba, bayan isha'i.
Allo baƙi, rubutu fari,
babu hoto, babu linzami,
ita da tambaya, ni da amsa.
Ta nemi suna, na raɗa mata Rumbu.
Ta nemi gari don ta saita agogo,
na bi jerin sama da ƙasa, babu Zariya.
Na zaɓi Legas, ina ba Kufena haƙuri.

Sai ta ce: za a goge duk abin da ke faifan nan,
ka yarda?

Yatsana ya tsaya a sama.

Na koma baya na leƙa tukuna.
Jadawalin jarrabawa na Kongo.
Takardar neman fansho, kwafi goma sha ɗaya,
kowace ta fi ta baya ladabi.
Can ƙasa wata 'yar takarda mai sunana:
Ɗana Mamuda, game da maganar jiya,
shi ke nan.
Waƙafi, sai fili fari fat.
Na zauna har ladan ya gyara murya,
ban tuna wace jiya ba ce.

Na kwashe a waya, na sake kwashewa a wani wuri,
don mai ido ɗaya ba ya wasa da yashi.
Sannan na danna e.

Ana saura kaɗan aka ɗauke wuta.
Na faɗi abin da ba a rubutawa,
na aro batirin motar Ɗanlami,
muka sake daga farko.

Shuɗin kebul ya fita ta taga,
ya bi saman soro, ya sauka shago.
Iya ta bi shi da ido har ƙarshe,
ta ce to, me take yi?
Na ce ajiya take yi, Iya,
kowa ya kawo ta riƙe, kowa ya nema ta ba shi.
Masana abin suna ce mata uwar garke.
Ta ƙirga: waya huɗu da kwamfutar Zulai.
Ta ce garken bai kai zakka ba.
Ta mayar da filas ɗinta a kai,
na ce zai toshe mata iska,
ta matsar da shi taki ɗaya, ba don ta yarda ba.

Yanzu bashin Malam Ilu ya dawo daram,
shi kaɗai ne bai yi murna ba.

Cikin dare, in gari ya yi tsit,
ina jin fankarta ta bango,
koren ido na ƙiftawa ƙarƙashin tebur.
Wani lokaci daga tsakar gida
nakan buɗe takardar nan a waya,
in kalli waƙafin,
in rufe ban ƙara komai ba.