Kaset ɗin Labbo

Ina da faifansu na sutudiyo,
fes, kamar kwanon da aka wanke aka kife.
Kowace waƙa minti huɗu,
ta yi sallama ta shigo, ta yi sallama ta fita,
ba ta taka ƙafar kowa ba.
Yana ƙasan akwati, na manta rabona da shi.

Wanda nake ji shi ne na Labbo,
mai tsagaggen murfi,
an rubuta da jan biro: Mabera, daren Asabar,
sauran rubutun gumi ya lashe.
A cinya Labbo ya ɗora rakoda,
shi ya sa numfashinsa ya fi jita kusa,
can baya kuma mai shayi yana kaɗa ƙwai.

Waƙar da kowa ya sani suka ɗauko,
amma ba su zauna a kanta ba.
Jabbi ya karya da jita
kamar mai keke ya hango lungu,
Nomau mai ganga ya bi shi ba tambaya,
mai bes ya tsaya yana gadin gida
ko Allah zai sa su dawo.
A minti na tara tsirkiya ta tsinke.
Wani ya ce, "Assha!"
Jabbi ko a jikinsa,
ya kora biyar ɗin da suka saura,
abin da ya fito a nan
shida ba su taɓa ba shi ba.

Sai Nepa ta ɗauke wuta.
Jita ta mutu da magana a baki.
Ihu, fito, kujerar ƙarfe ta faɗi,
rakoda dai batir take ci, ba ruwanta.
Nomau kaɗai cikin duhu
yana riƙe wa kowa wurinsa
har janareta ya yi tari uku ya tashi.

A nan wata ta yi dariya,
gajeriya, da 'yar shaƙewa a ƙarshe.
Yayata Ige ce.
A gida cewa ta yi za ta barka.
Bana shekara sha ɗaya da muka kai ta,
kuma ban san wani wuri a duniya
da muryarta ta rage ba sai nan,
tsakanin tarin janareta da dawowar jita.
Da biro nake mayar da zaren baya,
kada rediyo ya tauna min ita.

Kiɗa na tsaka da hawa, ƙwas, zare ya ƙare.
Kafin Labbo ya juya kaset,
ka ce numfashi goma, ka ce ashirin,
sun tafi ba da mu ba.
Fuska ta biyu ta same su wani gari daban,
ganga ta lafa, jita na magana ƙasa-ƙasa
kamar mai ba da haƙuri.
Ta ina suka bi?

Bara na je Kwalkwalawa neman Jabbi.
Na tarar da shi a fadama, laka har gwiwa,
yana ban ruwan albasa.
Ya ce, "Wa ka tuna wanga?
Mu da munka yi shi ba mu san inda za mu ba."
Na kunna masa a gindin mangwaro.
Ya yi shiru, yatsun hagunsa na motsi a kan kotar fartanya.
Da tsirkiya ta tsinke sai ya kaɗa kai:
"Kai, wanga yaro shina da hannu."

Da aka zo wurin juyi na dube shi.
Shi ma ni yake kallo,
yana jira in juya ya ji yadda aka ƙare.

Ya cika min leda da albasa.
Na rataye ta a kan babur,
kaset a aljihun gaba, na kamo hanyar gari.