Bangon Madafin Inna

Ladidi ta turo hoto daga Kaduna,
kabad fari fat, ƙofa shida, marikin azurfa.
Ta ce, Malam Barau, irinsa nake so
a madafin Inna, can Limancin Kona.
Na ce an gama.
Ashe bakina ya riga tef ɗina.

Ran Talata muka yi sallama, ni da Iro,
filawud ɗin Sabon Gari na ƙamshin gam.
Na ɗora lebur a bango,
ƙwayar ruwan ta ruga gefe ta laɓe
kamar yaron da ya fasa tulu.
Sama kamu bakwai, ƙasa bakwai da ɗani.
Ban taɓa ganin kusurwa mai ƙusumbi ba sai nan.

Inna na kan tabarma tana tsinke zogale.
Ta ce, tun shekarar da ruwa ya ci zaure
ya jingina haka, bai kuwa faɗi ba.
Kai ma in ka kai shekarunsa, ka zo a gwada ka.

Na buga ƙusa, siminti ya amsa,
laka ta haɗiye ta ba ko hamdala.
Na buga ta uku, sai wurin ya ce ƙwal,
yaɓe ya zubo, ga alkuki a rufe:
bakin fitila har yau a goshinsa,
anini biyu masu huji,
da guntuwar kanwa cikin tsumma.

Inna ta daina tsinke zogale.
Ta ce, ajiyar Iya Marka ce, surukata.
Wata guda muna gaba kan kanwar nan,
ta ce na ɗauka, na ce ban gani ba,
har aka kai ta ba mu warware ba.

Iro ya dube ni, na dubi zarto.

Na dasa azara biyu daga ƙasa su ɗauki nauyi,
na fere bayan kabad, na bi doron bango
yadda tela kan bi kafaɗar tsoho.
Ƙofa shida ta koma biyar,
na bar wa alkuki fuskarsa.

Ta ƙarshen nan, ko ka rufe ta
sai ta buɗe kanta a hankali.
Na ɗauko sukundireba zan ɗaure mata,
Inna ta ce, bar ta, ta sha iska.

Da dare Ladidi ta bugo:
Malam, ai ba haka yake a hoto ba.