Baka Biyu

Ƙarfe ɗayan dare a Jekadafari,
janareton maƙwabci ya yi tari ya mutu.
Saura ni da hasken kwamfuta
da shafin da nake gina wa Baffa Jauro,
mai sayar da wake a Tudun Hatsi.

Shafin nan gida ne mai ɗakuna.
Uwar gida ke riƙe da lissafi:
buhun da ya shigo daga Kumo, buhun da ya fita.
Can ƙasa akwai ɗan maɓalli kore,
bai san farashi ba, bai san awo ba,
iyakar saninsa: an taɓa ni.

Sai uwa ta miƙa masa igiyar ƙararrawa.
Riƙe, in ji ta, kada ka ja
sai yatsan mai saye ya sauka a kanka.
Kai dai faɗa mini buhu nawa ne,
sauran aikin nawa ne.

To ni da hannuna na ɓata.
Na rubuta sunan aikin,
na maƙala masa baka biyu a wutsiya,
su kuwa ma'anarsu: yi yanzu.
Maimakon igiya, ƙarar na aika.
Shafi na buɗewa ciniki ya faɗa,
ba mai saye, ba ko sisi.
Lissafi ya motsa, shafi ya sake zana kansa,
ya sake kira, ya sake, ya sake,
buhu ɗari huɗu na Baffa
suka ƙare kafin shayina ya huce.

Awa uku ina tuhumar maɓalli.
Na rushe shi, na gina, na yi masa tsaki.
Ashe yaron ba ruwansa,
abin da aka danƙa masa ya riƙe.

Na goge baka biyun.
Gida ya yi tsit.
Na taɓa kore: buhu ɗaya ya fita, ɗaya tak.

Nan na tuna Inna a tashar Bajoga
tana cusa mini takarda a aljihu,
lambar Dudu mai cajin waya,
don ita ba ta riƙe waya.
"Ba yanzu ba. Sai ka sauka."

Na sauka tun watan Sha'aban.
Takardar na nan a jakar kwamfuta,
ta yi laushi kamar tsohuwar naira ɗari.
Igiya na hannuna tuntuni,
ba wanda ya ja.

An fara kiran assalatu.
Dudu na buɗe shago ƙarfe bakwai.