Za Ni

A ajinmu na Kongo fanka ta tsaya cak.
Malama Lantana ta rubuta da alli:
je vais partir.
Ta ce, "Ku ari kalmar tafiya,
ku ɗora mata aikin da bai zo ba tukuna."

Ashe Faransawa ma haka suke:
za ni, zan tafi,
gobensu a ƙafa take, kamar tamu.

Tu vas manger. Il va dormir.
Jatau a bayana har ya fara minshari.

Da yamma a Tudun Wada
Baba na ɗaure buhunan citta, za shi Maraɗi.
"Me kuka koyo?"
"Nous allons revenir."
"Wato?"
"Za mu dawo."
Ya ja igiya da haƙori:
"In sha Allahun fa, ba su da ita?"